BABI NA UKU: MANUFOFIN TATTALIN ARZIKI DA TARZOMAR TALAKAWA A ƘASAR RASHA, 1918 ZUWA 1921

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda jam'iyyar Bolshebik, ƙarƙashin jagorancin Lenin, ta ƙwace mulki a birnin Fetirograd ranar 7 ga watan Nuwamba, 1917. Shi kuwa wannan babi zai duba manufofin tattalin arzikin da sabuwar gwamnatin ta bi tsakanin 1918 da 1921, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da Gurguzun Yaƙi, tare da irin martanin da manoma da ma'aikata da sojoji suka mayar. Tambayoyi biyu ne babin zai yi ƙoƙarin amsawa. Ta farko, me ya sa gwamnatin da ta hau mulki da sunan ma'aikata da manoma ta wayi gari, cikin shekara uku kacal, su ɗin ne suka ɗauki makami suna yaƙar ta? Ta biyu, me ya sa tarzomar ba ta kai matuƙa ba sai bayan da aka ci ƙarfin abokan gaba a yaƙin basasa? Dukkan ranakun da aka kawo a nan an ba da su ne bisa sabuwar kalandar da Rasha ta koma amfani da ita a watan Fabrairu, 1918.

3.1 Halin da Gwamnatin Bolshebik ta Tarar

Tattalin arzikin Rasha ya riga ya jigata tun kafin juyin juya hali. Ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914, aka kwashe miliyoyin samari daga gonaki zuwa fagen fama, masana'antu kuma suka koma ƙera kayan yaƙi. Saboda haka kayan da manomi yake bukata daga birni, kamar yadi da kananzir da gishiri da ƙusoshi da garma, suka yi wuyar samu. Gwamnatin Sarki Nikolas na Biyu ta riƙa buga takardun kuɗi don biyan bukatun yaƙi, darajar rubul ta zube. Manomi ya ga ba shi da dalilin da zai kai hatsinsa kasuwa ya karɓo takardar da ba za ta saya masa komai ba, sai ya ɓoye abinsa. Ke nan matsalar abinci a birane ta girmi mulkin Bolshebik. Gwamnatin sarki ta fara yanka wa larduna adadin hatsin da za su kawo tun a ƙarshen 1916, gwamnatin riƙon ƙwarya kuma ta mayar da cinikin hatsi hannun hukuma a watan Maris, 1917, amma duk cikinsu babu wadda ta iya aiwatar da abin da ta zartar.

Da Bolshebik suka hau, dokar farko da ta shafi tattalin arziki ita ce Dokar Ƙasa ta ranar 8 ga Nuwamba, 1917, wadda ta soke mallakar gandayen masu sarauta da na coci, ta bar wa manoma su raba a tsakaninsu. Wannan doka ita ce ta jawo wa gwamnati goyon bayan ƙauyuka, inda kusan kashi huɗu cikin biyar na jama'ar ƙasar suke zaune. Sai dai rabon gandayen ya zo da nasa illar, domin manyan gonakin nan su ne a da suke fitar da rarar hatsi mai yawa zuwa kasuwa, ƙaramin manomi kuwa cikinsa da na iyalinsa yake fara nomawa. A watan Disamba aka kafa Majalisar Ƙoli ta Tattalin Arziki, aka kuma mayar da bankuna mallakar gwamnati. A watan Fabrairu, 1918, aka yi watsi da basussukan da ƙasashen waje suke bin Rasha.

Abu na ƙarshe da ya ƙara dagula al'amura shi ne yarjejeniyar Birest-Litobsk da aka ƙulla da Jamus ranar 3 ga Maris, 1918. Da ita Rasha ta fita daga yaƙin duniya, amma ta rasa Yukiren, wadda ita ce rumbun hatsin daular, kuma a can ne mafi yawan kwal da ƙarfe suke. Ba a jima ba yaƙin basasa ya ɓarke, yankunan noma na kogin Bolga da Saberiya da kudancin ƙasar suka faɗa hannun abokan gaba. Gwamnati ta tsinci kanta a tsakiyar ƙasa, da manyan birane biyu, Mosko da Fetirograd, masu miliyoyin bakuna, ba ta kuma da abin ciyar da su.

3.2 Manufofin Gurguzun Yaƙi

Gurguzun Yaƙi ba tsari ba ne da aka zauna aka zana shi rana ɗaya. Dokoki ne da aka yi ta fitarwa ɗaya bayan ɗaya, kuma Lenin bai ba su wannan suna ba sai a 1921, bayan an yi watsi da su. Za a iya kasa su gida huɗu.

3.2.1 Karɓar Hatsi da Ƙarfi

A watan Mayu, 1918, aka ba Ma'aikatar Abinci, ƙarƙashin Aleksanda Tsiyurufa, iko na musamman. Doka ta ce duk hatsin da ya wuce abin da iyali za su ci da irin shuka, dole a sayar wa gwamnati a kan farashin da ta ƙayyade, wanda ya ɓoye kuma abokin gaban jama'a ne. Aka kafa ƙungiyoyin ma'aikata masu ɗauke da bindigogi aka tura su ƙauyuka su tono hatsi. Ranar 11 ga Yuni aka ƙirƙiro Kwamitocin Talakawan Ƙauye, da nufin matalauta su riƙa tona asirin manoma masu hali, waɗanda ake kira kulak. Wannan dabara ba ta yi nasara ba. Bayan rabon gandaye, bambancin arziki a ƙauye ya ragu ƙwarai, kuma mutanen ƙauye sun fi ganin kansu a matsayin 'yan gari ɗaya da ke fuskantar baƙi daga birni. Kafin ƙarshen 1918 aka rushe kwamitocin.

Ranar 11 ga Janairu, 1919, aka sauya salo. Maimakon a auna rarar kowane gida, sai gwamnati ta fara lissafa abin da take bukata don sojoji da birane, sa'an nan ta yanka wa kowane lardi rabonsa, lardi ya yanka wa gunduma, gunduma ta yanka wa ƙauye. Idan ƙauye ya kasa cika adadin, hukunci a kan kowa yake sauka. Bambancin da ke tsakanin tsarin biyu babba ne. A na farko abin da manomi yake da shi ake dubawa, a na biyu kuwa bukatar gwamnati ce ma'auni, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Saboda haka sau da yawa akan haɗa har da abincin iyali da irin shuka.

3.2.2 Mayar da Masana'antu Mallakar Gwamnati

Ranar 28 ga Yuni, 1918, aka zartar da dokar da ta mayar da manyan masana'antu hannun hukuma. Aka riƙa tafiyar da su daga ofisoshin Mosko, a hankali kuma aka janye ikon kwamitocin ma'aikata aka ɗora manaja guda a kan kowace masana'anta. Ranar 29 ga Nuwamba, 1920, aka faɗaɗa dokar har ta shafi ƙananan wuraren sana'a, wato duk mai ma'aikata fiye da biyar idan yana aiki da inji, ko fiye da goma idan ba shi da inji. Ya kamata a lura da wannan rana, domin a cikin wannan watan ne rundunar Janar Rangel, ta ƙarshe cikin manyan rundunonin Farare, ta fice daga Kirimiya.

3.2.3 Hana Kasuwanci da Karyewar Kuɗi

A watan Nuwamba, 1918, aka haramta cinikin 'yan kasuwa masu zaman kansu, gwamnati ta ɗauki nauyin raba kayan masarufi ta hanyar katin rabo. Rabon ya danganta ga matsayin mutum: sojoji da masu aikin ƙarfi a masana'antu su ne a sama, tsofaffin masu dukiya a ƙasa. A lokaci guda kuma aka ci gaba da buga kuɗi ba ƙaƙƙautawa, har rubul ya zama takarda kawai. Ya zuwa 1920 mafi yawan albashin ma'aikaci da kaya ake biyan sa. A ƙarshen shekarar aka soke biyan kuɗin abincin rabo, daga bisani aka soke kuɗin haya da na wuta da na ruwa a gidajen hukuma. Wasu daga cikin shugabannin jam'iyya sun ɗauki mutuwar kuɗi a matsayin alamar cewa an kusa isa ga gurguzu na haƙiƙa.

3.2.4 Aikin Tilas

A farkon 1920 aka wajabta aiki a kan duk baligi mai lafiya. Tirotski, Kwamishinan Yaƙi, ya mayar da wasu rundunonin soja zuwa rundunonin aiki, suna saran itace da gyaran layin dogo. Aka riƙa ɗaukar barin wurin aiki tamkar gudun soja. Su ma manoma an ɗora musu aikin saran itace da share ƙanƙara daga layin dogo da jigilar kaya da dawakinsu.

3.3 Sakamakon Manufofin

Ta fuskar yaƙi, manufofin sun biya bukata. Sun ciyar da Jar Runduna, wadda ta kai kimanin mutum miliyan 5 a ƙarshen 1920, sun kuma ba ta makamai har ta yi nasara. Ta fuskar tattalin arziki kuwa ƙasar durƙushewa ta yi. Abin da manyan masana'antu suka samar a 1920 bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da suka samar a 1913 ba. Narkakken ƙarfe ya sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na yadda yake kafin yaƙi, fiye da rabin kawunan jiragen ƙasa kuma sun lalace. Ba za a ɗora wa manufofin duk wannan ɓarna ba, tun da ƙasar ta shafe shekaru shida tana yaƙi, kuma ƙasashen Turai sun toshe mata hanyoyin ciniki. Amma akwai ɓarnar da tsarin kansa ya haifar.

Babbarsu ita ce ta noma. Manomi ya fahimci cewa duk abin da ya noma fiye da cinsa ƙwacewa za a yi, don haka sai ya rage faɗin gonarsa. Da hatsi ya ragu, sai gwamnati ta ƙara matsa lamba, da ta matsa kuma sai manomi ya ƙara ragewa. A birane kuwa abincin rabo bai isa ya riƙe rai ba. Mutane suka riƙa kwasar tufafi da kwanoni da duk abin da suka mallaka suna hawa jirgin ƙasa zuwa ƙauyuka, suna cinikin ba ni gishiri in ba ka manda, su dawo da gari ko dankali a buhu. Waɗannan su ne aka riƙa kira 'yan buhu. Gwamnati ta kafa shingayen bincike a tashoshi da hanyoyi tana ƙwace musu kaya, alhali kuwa kaso mai yawa na abincin da mutanen birni suke ci ta hannunsu yake zuwa. Kasuwar Sukarebka ta Mosko, wadda ita ce cibiyar wannan ciniki na bayan fage, ba a rufe ta ba sai a watan Disamba, 1920.

Birane suka zama kufai. Fetirograd, mai mutane fiye da miliyan 2 a 1917, ta koma kimanin 720,000 a 1920, Mosko kuma ta rasa kusan rabin jama'arta. Ma'aikatan masana'antu, waɗanda jam'iyya take mulki da sunansu, wasu sun tafi soja, wasu sun shiga aikin ofis, da yawa kuma sun koma ƙauyukansu neman abinci.

3.4 Tarzomar Jama'a

3.4.1 Tashe-tashen Hankula na 1918 zuwa 1920

Tun daga tsakiyar 1918 ƙauyuka suka fara tayar wa masu karɓar hatsi. Daga cikin takardun da suka fito fili bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 akwai wayar da Lenin ya buga wa jami'an lardin Fenza a watan Agusta, 1918, inda ya umarce su da su rataye aƙalla kulak ɗari a bainar jama'a don ya zama izina. A cikin wannan watan ne ma'aikatan masana'antar makamai ta Izhebsk suka yi tawaye. A watan Maris, 1919, manoman lardunan Simbirsk da Samara suka tashi, ma'aikatan masana'antar Futilob ta Fetirograd suka shiga yajin aiki, a birnin Astarakan kuma aka murƙushe masu yajin aiki da bindiga. A farkon 1920 manoman yankin Ufa suka fito da cokulan yaƙin da suke kwasar ciyawa da su, abin da ya sa aka sa wa tawayen sunan wannan kayan aiki. Ban da waɗannan, dubban ɗaruruwan samari sun gudu daga soja, wasu suka shiga dazuzzuka suka zama ƙungiyoyin da ake kira Koraye.

Duk da yawan waɗannan tashe-tashen hankula, ba su girgiza gwamnati ba. Dalili kuwa shi ne manomi yana tsakanin abokan gaba biyu. Jajaye suna ƙwace masa hatsi, Farare kuwa, a duk inda suka ci, masu gandaye sukan biyo bayansu su nemi a mayar musu da filayensu. Hatsi na shekara ɗaya ne, gona kuwa ta har abada ce. Saboda haka a duk lokacin da Farare suka matso, manoma da yawa sukan haƙura su koma bayan Jajaye. Da aka tsagaita wuta da Folan a watan Oktoba, 1920, aka kuma kori Rangel a Nuwamba, sai wannan tsoro ya gushe. Jama'a suka zuba ido su ga sassauci, amma, kamar yadda aka gani a sama, ƙara tsananta manufofin aka yi. Wannan ita ce amsar tambaya ta biyu da aka yi a gabatarwa.

3.4.2 Tawayen Tambob

Lardin Tambob yana kudu maso gabashin Mosko, a yankin baƙar ƙasa mai albarkar noma. A 1920 an yi fari a lardin, duk da haka aka yanka masa fud miliyan 11 da rabi na hatsi, fud ɗaya kuwa ya ɗan haura kilo 16. A watan Agusta mutanen ƙauye suka far wa masu karɓar hatsi, tarzoma ta bazu. Wanda ya jagorance ta shi ne Aleksanda Antonob, tsohon ɗan jam'iyyar SR mai goyon bayan manoma, wanda ya taɓa riƙe muƙamin shugaban 'yan sandan gundumar Kirsanob bayan juyin juya hali. Abin da ya bambanta wannan tawaye da na baya shi ne tsari. 'Yan tawayen sun kafa rundunoni masu mayaƙa dubun-dubata, da ƙungiyar siyasa mai suna Ƙungiyar Manoma Masu Aiki, wadda take da rassa a ƙauyuka, take kuma neman a kawar da mulkin Bolshebik a kira majalisar tsara mulki. Yawancin mayaƙan sun san bindiga, domin tsofaffin sojoji ne.

Gwamnati ta bi hanya biyu. A watan Fabrairu, 1921, ta dakatar da karɓar hatsi a lardin. A ƙarshen Afrilu kuma ta naɗa Tukacebski ya jagoranci murƙushe tawayen. Umarni mai lamba 171, na ranar 11 ga Yuni, ya ba da izinin harbe duk wanda ya ƙi faɗin sunansa, da yin garkuwa da mutanen ƙauyen da aka samu makamai a cikinsa, da ƙona gidajen iyalan da suka gudu. Washegari aka fitar da wani umarnin na a yi amfani da iska mai guba a dazuzzukan da 'yan tawaye suka ɓuya. Aka tsare iyalansu a sansanoni. Kafin ƙarshen watan Yuli an karya lagon tawayen, shi kuwa Antonob an kashe shi a watan Yuni, 1922. A daidai wannan lokaci wani babban tawayen ya ɓarke a yammacin Saberiya a ƙarshen Janairu, 1921, inda manoma suka kame birnin Tobolsk, suka kuma katse layin dogon da ke kawo hatsi zuwa tsakiyar ƙasa na wasu makonni.

3.4.3 Yajin Aikin Fetirograd da Tawayen Kuronstad

Ranar 22 ga Janairu, 1921, gwamnati ta rage rabon burodi da kashi ɗaya cikin uku a Mosko da Fetirograd da wasu biranen. A watan Fabrairu rashin makamashi ya sa aka rufe manyan masana'antu da dama a Fetirograd, ana tsakiyar hunturu. Ma'aikata suka shiga yajin aiki suka fito kan tituna, suna neman a ƙara abinci a kuma cire shingayen bincike. Ranar 24 ga Fabrairu Zinobiyeb, shugaban jam'iyya a birnin, ya kafa dokar ta-ɓaci, 'yan sandan asiri na Ceka suka kama 'yan Menshebik da 'yan SR da yawa.

Labari ya isa Kuronstad, sansanin sojojin ruwa da ke tsibirin Kotlin, kimanin kilomita 30 daga Fetirograd. Sojojin wannan sansani suna cikin waɗanda suka fi kowa tsaya wa Bolshebik a 1917. Da yawansu 'ya'yan manoma ne, sun kuma ga halin da iyayensu suke ciki lokacin da suka je hutu. Ranar 28 ga Fabrairu ma'aikatan jirgin yaƙin Fetirofablobsk suka zartar da ƙudiri mai bukatu 15. Daga ciki akwai sake zaɓen majalisun sobiyet ta ƙuri'ar asiri, da 'yancin magana ga ma'aikata da manoma da jam'iyyun gurguzu na hagu, da sakin fursunonin siyasa na waɗannan jam'iyyu, da cire shingayen bincike, da daidaita rabon abinci, da barin manomi ya sarrafa gonarsa yadda ya so muddin bai ɗauki 'yan ƙwadago ba. Ranar 1 ga Maris taron mutane kimanin 15,000 ya amince da ƙudirin a gaban Kalinin, wanda gwamnati ta aiko ya lallashe su. Washegari aka kafa kwamitin riƙo ƙarƙashin Sitefan Fetiricenko.

Idan aka duba waɗannan bukatu za a ga cewa ba komawa ga mulkin sarki ko na 'yan jari-hujja suke nema ba. Alkawuran 1917 suke neman a cika. Nan ne haɗarinsu yake ga gwamnati, shi ya sa ta yi shelar cewa makircin Farare ne, tana kafa hujja da wani tsohon janar na sarki, Kozlobski, da ke kula da manyan bindigogin sansanin. An kuma yi gaggawa domin idan ƙanƙarar teku ta narke, jiragen yaƙi za su iya motsawa, sojojin ƙasa kuma ba za su iya isa tsibirin ba. Harin farko na ranar 8 ga Maris ya ci tura. An sake kai hari ranar 17, sansanin ya faɗi ranar 18. Kimanin mutum 8,000 suka tsere a kan ƙanƙara zuwa Finlan, fiye da 2,000 kuma aka yanke musu hukuncin kisa.

3.5 Sauya Manufa

Ana cikin wannan yaƙi ne Babban Taron Jam'iyya na Goma ya zauna a Mosko, daga 8 zuwa 16 ga Maris, 1921, har wakilai kimanin 300 suka bar zauren taro suka tafi fagen fama. Ranar 15 ga Maris taron ya amince a soke karɓar hatsi da ƙarfi, a maye gurbinsa da harajin amfanin gona, doka kuma ta fito ranar 21. An ƙayyade harajin a kan fud miliyan 240, maimakon miliyan 423 da aka yanka a shekarar da ta gabata, abin da ya rage kuma manomi yana da ikon sayarwa. Wannan shi ne mafarin Sabuwar Manufar Tattalin Arziki. Daga nan aka halatta ƙananan kasuwanci, aka ba da hayar ƙananan masana'antu, aka kafa Bankin Ƙasa a watan Oktoba, 1921, aka kuma kammala gyaran kuɗi a 1924. Manyan masana'antu da bankuna da jiragen ƙasa da cinikin waje suka ci gaba da zama a hannun gwamnati.

Akan ce tawayen Kuronstad ne ya haifar da wannan sauyi, amma jerin ranakun bai nuna haka ba. Tun a watan Fabrairu, 1920, Tirotski ya ba da shawarar a koma ga haraji, Kwamitin Tsakiya ya ƙi. Lenin kuma ya gabatar da daftarin harajin ga shugabannin jam'iyya ranar 8 ga Fabrairu, 1921, makonni uku kafin Kuronstad, lokacin da Tambob da Saberiya suke ci da wuta. Ke nan manoma ne suka tilasta sauyin, Kuronstad kuwa ta rufe bakin masu adawa da shi a cikin jam'iyya.

Sassaucin bai shafi siyasa ba. Taron da ya soke karɓar hatsi shi ne kuma ya haramta kafa ɓangarori a cikin jam'iyya, ya yi tir da ƙungiyar 'Yan Adawar Ma'aikata ta Shiliyafnikob da Kolontai. Haka kuma sassaucin ya zo a makare. Farin 1921 ya tarar da rumbunan yankin Bolga babu ajiya, domin an riga an kwashe. Yunwar 1921 zuwa 1922 ta kashe mutane kimanin miliyan 5. Gwamnati ta karɓi taimakon hukumar agaji ta Amurka ƙarƙashin Herbert Hoover, wadda a tsakiyar 1922 take ciyar da mutane kimanin miliyan 10 a kowace rana.

3.6 Ra'ayoyin Masana

Masana tarihi sun rabu a kan asalin Gurguzun Yaƙi. Wasu, irin su Maurice Dobb, sun fi karkata ga cewa larurar yaƙi ce ta tilasta shi. Wasu kuma, irin su Richard Pipes, suna ganin aƙida ce tushensa, yaƙi kuwa dama ce kawai aka samu. Bayanan da aka kawo a wannan babi sun nuna cewa kowane ɓangare yana da hujja. Karɓar hatsi ya faro tun zamanin sarki, kuma su ma Farare sun ƙwaci abinci a yankunansu, wannan ya ƙarfafa ra'ayi na farko. Amma larurar yaƙi ba za ta bayyana dalilin ƙwace ƙananan wuraren sana'a da rufe kasuwar Sukarebka bayan an gama yaƙi ba. Lenin da kansa ya amsa a watan Oktoba, 1921, cewa an yi kuskuren ƙoƙarin tsallakawa kai tsaye zuwa tsarin gurguzu na samarwa da rabawa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yaƙi ya kawo matsalar, aƙida kuma ita ce ta zaɓi maganin, ta kuma hana a sauya shi da wuri.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa gwamnatin Bolshebik ta gaji matsalar abinci, ta kuma tunkare ta da karɓar hatsi da ƙarfi da hana kasuwanci da aikin tilas. An ga cewa waɗannan manufofi sun ci yaƙi amma sun raba gwamnati da manoman da Dokar Ƙasa ta jawo mata, da ma'aikata da sojojin ruwan da suka ɗora ta a kan mulki. An kuma ga cewa tsoron dawowar masu gandaye ne ya danne tarzomar har zuwa ƙarshen 1920. A 1921 gwamnati ta ba da kai a kan hatsi, ta ƙi ba da kai a kan mulki. Tambayar wanda yake da iko da amfanin gonar manomi ba a warware ta ba, jinkirta ta aka yi, domin ta sake tasowa a 1928, lokacin da Sitalin ya koma ga karɓar hatsi da ƙarfi, daga 1929 kuma ya tilasta wa manoma shiga gonakin haɗin gwiwa. Babi na huɗu zai duba shekarun Sabuwar Manufar Tattalin Arziki da dalilan da suka kawo ƙarshenta.